Halwar Shekara Goma Sha Bakwai Ta Ƙare Yau

Labarin ya iske ni da safen nan, ina zaune ƙofar gidana a Rabah, ko shayin ban kai baki ba.

Yayata Inno ce ta kira daga Wurno. Ko sallama ba ta yi ba.

"Hali ba shi ɗaki."

Na ce, "Mi kike nuhi ba shi ɗaki?"

"Na kai mishi kunu, ƙohwa buɗe, tabarma naɗe. Rigar Baba da ke cikin akwati ba ta nan."

Hali ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara goma sha bakwai ke nan bai wuce zauren gidanmu ba.

Kafin ku fara jera min Inna lillahi a ƙasa, ku dakata. Ba wanda ya mutu.

Kun san ni a shafin nan. Ba na yabon kowa. Da yawanku kun toshe ni, wasu kun dawo don ku ga wa zan zaga gobe. Na daɗe da lura cewa a ƙasar nan mutum ba ya zama na kirki sai an rufe shi da ƙasa. To yau mai rai zan yaba. Sunansa Lawali, ma'aikacin lafiya ne a ƙaramin asibiti, kuma ɗalibina ne tun firamare.

Cikin gaggawa nake rubutu. In kun ga kuskure ku bar shi nan. Yau tsohon hedimasta ba ya gyaran rubutu.

Zan gaya muku inda aka sami Hali. Amma sai kun fara jin abin da ni na yi.

Gidanmu gidan malamai ne. Ba sai na faɗi wanne ba. Mutanen Wurno sun sani, waɗanda ba su sani ba kuwa za su ji kafin la'asar.

Cikinmu duka Hali ya fi kai. Ni aka tura boko har jami'a, amma shi ne mai karatun gaske. Yana da shekara ashirin da 'yan kai manyan mutane ke ɗaukar karatu wurinsa a zaure.

Da ya kai wajen talatin sai barci ya ƙaurace masa. Ya toshe tagarsa da tabarma. Ya ce akwai masu maganarsa cikin bango. Aka yi rubutu, aka yi tofi, aka yi hayaƙi. Wata rana ana sallar azahar a masallacin unguwa, ya juya cikin sahu ya ba wani amsa da ƙarfi, wanda ba mai ganinsa sai shi.

Ranar Baba ya tara mu a zaure, shi da babban wanmu Yaya Alhaji da ni. Ya dube ni ya ce, "Kai kay yi boko. Mi za mu ce ma mutane?"

Ku lura da tambayar. Bai ce mi za mu yi ba.

Ni kuwa na san ciwon. Na karanta shi a jami'a. Na san sunansa da Turanci, har gobe zan rubuta shi ba kuskure, kuma kalma ce mai wuyar rubutu. Na san akwai asibitin masu irinsa, wanda sunan garin da yake ciki kaɗai ya zama zagi a bakin yara. Na tuna limancin da ke gidanmu. Na tuna 'ya'yan Inno da ba su yi aure ba. Na tuna, Allah ya gafarta mini, ƙarin girman da nake jira a wurin aiki.

Na ce, "A ce ya shiga halwa."

Ga matasan da ba su sani ba, halwa keɓewa ce don ibada. Malami ya shiga ɗaki shi kaɗai, ba ya magana da kowa, yawanci kwana arba'in, ya fito.

Baba ya ja carbinsa. Can ya ce, "Allah shi yi maka albarka."

Ban taɓa ɗaukar kaya mai nauyin albarkar nan ba.

Kwana arba'in suka cika, Hali bai samu sauƙi ba. Muka ce ya ƙara wasu. Shekara ta zagayo. Mutane su tambaya, "Har yanzu?" Mu ce har yanzu. Su ce Allahu Akbar.

Abin da ban hango ba shi ne wannan: Wurno gari ne da ya saba da masu ziyara. Duk lokacin da halwar ta ƙara tsawo, sai darajarta ta ƙaru. Masu wucewa ta bayan katanga suna jin gunguninsa, suka ce wuridi ne. Shi kuwa roƙon muryoyin yake yi su ƙyale shi.

Aka fara zuwa ranar Alhamis bayan la'asar. Manomin albasa ba ya dashe sai ya biyo. Ɗan kabu-kabu in ya yi sabon babur sai ya jingina shi da bangon ɗakin. Su durƙusa bakin ƙofa ɗaya bayan ɗaya, su faɗi damuwarsu ga katako, su ajiye gero ko goro su tafi. Bayan rasuwar Baba, Yaya Alhaji ne ke tsara layin.

Ba mu taɓa sa masa mari ba. Kwaɗon ƙofar ma tun shekara ta uku aka cire. Ba a bukatarsa. Maganata ta isa.

Ni sai na nemi a mayar da ni Gandi. Da na yi ritaya na zauna Rabah. Kuna zaton gwamnati ce ta ɓata min rai haka. Ita ma ta yi nata, kada ta ji daɗi. Amma mutumin da ke kiran kowa maƙaryaci a shafin nan, ba ya iya shiga gidan ubansa ranar Alhamis.

Yanzu Lawali.

Na koyar da shi a aji huɗu a Sisawa. Ɗan manomin gero ne. In ka yi masa tambaya sai ya dube ka, ya dubi ƙasa, ya sake dubanka, har ka manta abin da ka tambaya. Na sa masa suna Sai Gobe. A katin sakamakonsa na rubuta da jan biro cewa ba shi da sauri, noma zai fi dacewa da shi.

Bai taɓa riƙe ni da wannan ba.

Da hawan jini ya kama ni, kowane mako biyu sai ga shi a kan babur, wai hanya ce ta biyo da shi. Daga Wurno zuwa ina ne hanya ke biyowa ta ƙofar gidana? Ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, ya ɗaura min abin awo a hannu ina zaginsa.

Da ƙafar tabarauna ta karye, shi ya ɗaure ta da zaren ɗinkin rauni. Da ita nake rubuta wannan.

Shekara biyu da suka wuce Inno ta je asibitinsu awon jini. Ya gama awo, maimakon ya rubuta magani ya sallame ta, sai ya ajiye biro ya ce, "Inna, kina samun barci? Mi ka damunki a rai?"

Ashe sun dawo daga wani horo ne, inda aka koya musu yin wannan tambaya. Inno ta haura sittin, ba wanda ya taɓa yi mata ita. Ita ke kai wa Hali abinci sau uku a rana tun farkon abin. Ta rufe fuska da mayafi ta faɗa masa komai.

Bai gaya wa kowa ba. Ya nemi izininta, ya zo wurina.

Ya ce, "Malam, wani karatu anka koya muna, niz zo in biya maka."

"Bita kunka tahi?"

"I, Malam."

"An ba ku jaka da biro?"

"An ba mu."

"Shinkahwa da kaza?"

"Kazar ba ta kawo gare ni ba, Malam."

Sai ya fara, a hankali, irin maganarsa. Ya ce masu bincike sun daɗe suna gwadawa a ƙasashe irin tamu, an gano ba dole ba ne sai an kwashi kowane mai ciwon ƙwaƙwalwa zuwa babban asibiti. Ma'aikaci irinsa, in an koya masa, kuma akwai likita da ke duba aikinsa ta waya, zai iya kula da mutum a garinsu, cikin danginsa. Ya ce akwai allura da ake yi sau ɗaya a wata, ba sai an yi ta kokawa da ƙwaya kullum ba. Har akwai wadda ta fi wata ɗaya a jiki, sai dai ba ta iso mu ba. Ya ce kuma an daina koya musu faɗa da malamai. A bar addu'a a wurinta, a ƙara magani.

Na ce masa sabbin tsare-tsaren da na gani a rayuwata sun fi gashin kaina yawa. Kowanne da allonsa a bakin hanya. Allon ya yi tsatsa, awaki su sha inuwarsa.

Ya ce, "Haka na, Malam."

Na ce, "In kash shiga gidanmu da wagga farar riga, ka tone Baba daga kabari."

Ya dube ni, ya dubi ƙasa, ya sake dubana.

"To ba ni shiga da ita."

Alhamis ta gaba sai ga Lawali cikin masu neman addu'a, da rigar yadi da hula kamar kowa. Ya zauna ƙarshen layi. Da kowa ya watse ya matsa bakin ƙofar ya ce, "Malam, ka ci abinci? Ka samu barci?"

Shiru.

Ya yi sallama ya tafi.

Haka ya yi ta yi. Alhamis bayan Alhamis, tambaya biyun nan, ba ƙari. Inno tana laɓe bayan zana tana ji. Ni ina Rabah ina ce mata ta bar shi, zai gaji.

Wajen wata uku ana haka, rannan murya ta fito daga ciki. 

"Kai wane na? Kullum kana zuwa, ba ka roƙon komi."

"Lawali na, Malam. Ba ni da bukata. Lahiyarka niz zo ji."



"Ba ni da ita."

"Na sani, Malam."

"Ka sani?"

"Na sani. Kuma akwai magani. Ba sai yau ba. Ranar da kash shirya."

Ku tsaya ku yi tunani. Shekara goma sha biyar a lokacin, ɗaruruwan mutane sun durƙusa a ƙofar nan, kowa da abin da yake so daga Hali. Ba wanda ya tambaye shi shi yaya yake. Har ni.

Jinkirin nan da na yi wa Lawali bulala a kansa, shi ne ya buɗe ƙofar.

Hali ya yarda ya yi magana da likita ta bidiyo a wayar Lawali. Aka fara da ƙwaya don a ga ko jikinsa zai karɓa. Ba zan yi muku ƙarya ba, na gama da wannan sana'ar: farkon bai yi daɗi ba. Wuyansa ya sage, hannunsa na rawa. Yaya Alhaji ya ce, "Kun gani? Kun taɓa abin da ba a taɓawa."

Lawali bai yi gardama ba. Washegari da sassafe ya zo, ya kira likita, aka rage magani, aka ƙara wani. Sannan ya durƙusa gaban Yaya Alhaji ya ce, "Baba Alhaji, tohin nan kar a hwasa shi. Kuma in an koma allura, ni mai mantuwa na. Kai ka san lissahin wata, kai za ka riƙe muna ranar."

Ku da kuka san Yaya Alhaji kun san abin da hakan ke nufi. Mutumin da ya ce kada a taɓa, shi ya koma kiran Lawali tun ana saura kwana biyu. "Yaro, jibi ta hwa. Kar ka yi muna sakaci."

Da na ji wannan na yi dariya ni kaɗai a ɗaki. Na shekara talatin ina shugabancin malamai, ban taɓa iya irin wannan ba.

Sauƙi ya zo a hankali. Hali ya fara barci. Ya ce a kira wanzami. Ya nemi littattafansa. Na je ganinsa ran wata Talata, karon farko da na zauna tabarma ɗaya da shi tun Baba na da rai. Na tambaye shi muryoyin. Ya ce, "Suna nan, Yaya. Amma sun koma kamar rediyon maƙwabci. Ina iya karatu suna yi."

Sai wata matsala ta taso, wadda ba a koya wa Lawali a bita ba.

Hali ya daina cin abin da masu ziyara ke kawowa. Ya ce mutane suna ɗebo geron 'ya'yansu suna kawo wa mara lafiya bisa zaton waliyyi ne, shi ba zai ci ba. Ya ce yana so ya fita.

To ya fita a matsayin wa?

Yaya Alhaji ya kawo dabara. A sayi rago, a yi walima, a sanar cewa Malam Hali ya kammala halwa. Ya fito da darajarsa, gida ya tsira da tasa. Allura kuwa a ci gaba da ita a ɓoye har abada.

Na goyi baya. Ni na rubuta takardar gayyatar. Ƙarya ta biyu ma ni na tsara ta, da Hausa mai kyau.

Asabar ɗin da ta wuce Lawali ya zo Rabah yi min bankwana. An mayar da shi Goronyo, zai koya wa wasu ma'aikata irin aikin nan. Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Na ce, "To wa za shi riƙa kai allurar a ɓoye?"

Ya ce wadda ta gaje shi mace ce, ƙwararriya, amma ba za ta shiga layin maza a ƙofar malami kowane wata ba. Maganin yana asibiti. Ya ce, "Na ba Malam Hali katinai a hannu, Malam. Nashi na. Ya san ranar."

Raina ya ɓaci. Na ce ya fara aiki ya gudu, kamar kowa a ƙasar nan. Na jefa masa takardar gayyatar, na ce ga shirin da muka yi, yanzu ya rushe shi.

Ya ɗauka ya karanta, yana bin layi da yatsa kamar a aji huɗu.

"Hausar ta yi kyau, Malam."

"Amma?"

"Malam, allura ta rage muryoyin da ke cikin kainai. Abin da ka tsare shi yanzu maganar waje ta. Ita ba ni da maganinta cikin jaka."

Na ce ya tashi ya ba ni wuri.

Bai tashi ba sai da ya auna min jini. Ya ce ya hau, in rage gishiri, in rage karanta sharhin mutane a waya.

Ban raka shi ba. Ban ce na gode ba.

Shi ya sa da Inno ta kira yau da safe, abin da ya fara zo min shi ne rijiya. Sai gulbi. Na tare ɗan kabu-kabu, na hau ko hula babu. Ina bayansa ina cewa ƙara wuta, ni da ke rubuta dogon bayani kan gangancin masu babur.

Mun yi rabin hanya Inno ta sake kira.

"An gane shi."

"Ina?"

"Asibiti. Shina kan benci." Sai muryarta ta karye, ban san ko kuka ba ne ko dariya. "Layi shika bi."

Yau ce ranar allurar. Jiya Yaya Alhaji da bakinsa ya faɗe ta a tsakar gida, yana tunanin yadda za a yi. Hali ya ji. Da gari ya waye ya yi wanka, ya sa rigar Baba, ya ratsa Wurno da ƙafa, ido na ganin ido, ta gaban masu shayi da masu kayan miya.

Da na isa, harabar asibitin ta cika. Ga ƙanena a kan benci, tsakanin wata mai ciki da wani tsoho mai tari. Rigar ta yi masa yawa. Yana ƙanƙance ido saboda haske. Ya riƙe katinsa da hannu biyu.

Mutane sun durƙusa a gabansa suna miƙa hannu.

Yana cewa, "Jama'a ku tashi. Ni ba waliyyi ba na. Ban yi halwa ba. Ciwon kai gare ni, irin wanda kuka kira taɓin hankali. Yanzu ina shan magani, na samu sauƙi. Allura niz zo."

Wani a bayana ya ce wa na kusa da shi, "Ka ji manyan bayin Allah. Ɓoye kansu sukai."

Aka ce Allahu Akbar, aka ƙara matsowa.

Na gina abin da kyau har mai shi ya kasa rushe shi.

Sai Hali ya hango ni. Ya ɗaga katin ya nuna ni da shi.

"Ga Yayana nan. Ku tambaye shi. Shi yay yi boko."

Duk suka juyo.

Takardar gayyatar tana aljihuna. Da na ce tawali'u ne, da an gama, da an ci rago ranar Juma'a. Na dubi Hali. Ba roƙona yake yi ba. Jira kawai yake yi, irin jiran Lawali.

Na yi magana da muryar da nake tara yara da ita a filin makaranta. Na ce gaskiya ya faɗa. Na ce ba shi da lafiya tun farko, kuma na sani. Na ce maganar halwa ni na ƙirƙire ta a zauren gidanmu, don kada a ce gidan malamai ya fitar da mahaukaci.



Wasu suka tashi suna kaɗe gwiwa, ba su dube ni ba. Wata mata ta ce, "To geronmu hwa?" Tana da gaskiya. Wani da muka yi firamare tare ya kira ni da sunan da ba zan rubuta ba, shi ma yana da gaskiya.

Mutum ɗaya bai tashi ba. Wani dattijo ne daga Sisawa, Malam Mamman. Inno ta ce shekara tara da wuya Alhamis ta wuce bai zo ba. Ya ja jiki kusa da bencin ya rage murya.

"Malam, su muryoyin nan, suna zagi?"

Hali ya ce, "Suna zagi."

"Suna hana barci?"

"Suna hanawa."

"Haka babban ɗana ka ce min. Shi nika kawo maka kuka a kai."

"Na sani, Baba. Ina jin ka ta bayan ƙohwa. Na so in ce maka ciwonmu ɗaya da shi, na kasa."

Dattijon ya daɗe yana kallon katin da ke hannun Hali.

Ya ce, "Ina aka karɓar wanga?"

Hali ya nuna masa tagar da ake ba da kati. Dattijon ya je ya yi magana da nas ɗin, ya fito ya tare babur zuwa Sisawa. Ya ce kafin azahar zai dawo da ɗan nasa.

Shekara tara. Wannan ma a wuyana take, ban ma san da ita ba sai yau.

Amma jama'a, ya tafi ɗauko shi. Kun ji? Ya tafi ɗauko shi.

Aka kira sunan Hali. Ya shiga, ya fito yana murza wurin. Ya ce, "Ta iya, amma Lawali ya hi ta sanyin hannu." Ƙanena ya yi ba'a. A bainar jama'a. Na zauna a ƙasa kusa da bencin, tsoho da ni.

Ya ce, "Yaya, an ce kana rubutu a waya kana zagin mutane."

Na ce ina yi.

"To yau rubuta wanga. Ka sa sunana."

Shi ya sa kuke karanta shi. Da izininsa ne.

Na kira Lawali a Goronyo. Ya fito daga aji ya ɗauka. Na faɗa masa duka, ina haɗa magana kamar yaro. Ya yi shirun nan nasa, har na duba ko layin ya yanke.

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Ya karya kumallo kahin shi hita?"

Na ce ban sani ba.

"A ba shi wani abu shi ci, Malam. Kai kuma ka sha maganinka?"

Na ce, "Lawali, abin da nir rubuta a katinka na aji huɗu..."

Ya ce, "Ai gaskiya ta, Malam. Har yau ba ni da sauri."

Na ce masa na gode. Sau uku na faɗa. Bai san yadda zai yi da ita ba, ya ce ɗalibai na jiransa.

Kada wani ya karanta wannan ya ce na ce an samo maganin da ke warkar da kowa. Hali bai warke ba, sauƙi ya samu, kuma an gaya mana abin na iya motsawa wata rana. Kada kuma wani ya je kemis ya sayi allura ya soka wa ɗan'uwansa. A je asibiti, a yi magana da ma'aikaci. Na san ba kowane asibiti ke da irin Lawali ba, kuma gobe in Allah ya kai mu zan dawo zagin waɗanda ya kamata su samar da su.

Amma ni da na rantse ba abin da ke aiki a ƙasar nan, yau na ga abu ya yi aiki da idona.

In akwai wani ɗaki a bayan gidanku da kuka sa wa wani suna, ko halwa, ko jinya, ko tafiya, kun san shi. Ba sai na ce komai ba.

Yaya Alhaji yana zaure, bai fito ba, bai ɗauki wayata ba. Ragon yana ɗaure a gindin darbejiya. Inno ta ce yanka shi za a yi ko da mu uku ne za mu ci. Ban san wa zai ba mu hannu a masallaci gobe ba.

Hali yana nan gefena yana shan fura. Ya ƙi tafiya gida. Ya ce sai mutumin Sisawa ya dawo da ɗansa, don kada ya zauna kan bencin shi kaɗai.

Ya Allah, Ka yi wa Lawali albarka, shi da iyayen da suka haife shi, Ka sa jinkirinsa ya yaɗu cikin waɗanda yake koyarwa. Ka ƙara wa Hali lafiya, Ka ba ɗan Malam Mamman irinta. Ka saka wa Inno da kwanon da ta ɗauka shekara goma sha bakwai. Ka sanyaya zuciyar Yaya Alhaji. Ka jiƙan Baba, kada Ka kama shi da shawarar da ni na ba shi. Ni kuma Ka yafe mini, in mutanen da suka kawo geronsu sun yafe.

Ku da kuka karanta har nan, roƙo ɗaya gare ni. Ku sa Lawali a addu'a tun yana raye yana ji.

Mutanen Wurno kuma, shekara goma sha bakwai kuna zuwa ƙofar Hali ya yi muku addu'a.

Yau ku yi masa.